Na Baro Gefen Damana a Maleshiya

Sunana Ishaya, mutumin Kagoro ne ni, amma a Kafanchan nake zaune da iyalina, ina koyar da aikin gona a wata kwaleji. Ina da shekara arba'in da bakwai na samu gurbin ƙaro karatu a Maleshiya, don in yi digiri na uku a kan ciwon da ke ruɓar da citta a gonakinmu. Ba zan tsaya ba da labarin rakiya da addu'o'in da aka yi mini ba. Abin da ya same ni ya faru ne a shekarata ta biyu, a wani ƙaramin garin jami'a da ke arewacin ƙasar, inda ake ruwa kusan kullum da la'asar, kuma ba wanda ya iya kiran sunana daidai.

Ranar wata Talata ce da hantsi, ina zaune a ɗakin karatu. Na ji kaina ya sara ta ƙeya, ba wani sara mai tsanani ba, irin wanda mutum zai ce gajiya ce. Na murza idanu na koma kan takarda, sai na ga kalmomin sun gutsure. Farkon kalma yana nan, ƙarshenta babu. Na ɗaga kai na dubi ɗalibar da ke zaune a gabana. Ido ɗaya na gani da rabin hanci. Sauran fuskarta ba ya nan.

Mutane sukan tambaye ni ko duhu nake gani a wannan gefen. Ba duhu ba ne. Da duhu ne, da na san akwai abin da ya ɓuya. Yadda ba ka ganin abin da ke bayan ƙeyarka, kuma ba ka jin ka rasa komai, haka gefen damana ya koma.

Na tattara littattafaina na fita. A bakin ƙofa na bugi ƙyaure da kafaɗa. A kan bene na yi karo da wani dattijo, ya bi ni da kallo ina ta ba shi haƙuri. Duk da haka ban kawo wani mugun abu a raina ba. Ina da hawan jini tun a gida, maganina kuwa ya ƙare wata biyu da suka wuce, ban sake saye ba don ina jin jikina garau. Ko kusa ban haɗa wannan da wancan ba.

Wanda na fara kira shi ne Monday, wani ɗan wajen Gwantu da ya daɗe a ƙasar, ba wanda ya san takamaimai abin da yake karanta. A coci na haɗu da shi a makona na farko. Da na ji Hausarsa irin tamu ta gida, sai da na rungume shi. Shi ya samo mini ɗakin da nake haya, shi ya nuna mini inda ake sayar da doya da manja.

Da na gaya masa, dariya ya yi.

“Haba Oga Lakcara, wannan ba komai ba ne. Karatu ya yi yawa, ido ya gaji. Gilashi kawai za ka sa. Akwai mutumi na a kasuwa, no wahala.”

Ya kai ni wani shagon tabarau. Mai shagon ya zaunar da ni ya nuna mini allon haruffa. Na karanta na farkon kowane layi, na ce masa sauran ba na ganinsu sai na juya kai. Ko saurarona bai yi ba. Ya ce shekaru ne, ya haɗa ni da tabarau da wani maganin ɗigawa, ya ce in ba shi mako guda. Daga baya na ji cewa duk wanda Monday ya kai shagon, akwai kason da ake ba shi.

Kwana shida ina ɗiga magani ina sanye da tabarau, ina buge-bugen kujeru a ɗakina.

Rana ta bakwai na fita zan tsallaka titi. A can, motoci hannun hagu suke bi, ba kamar namu ba, don haka abin da zai fara iske ka daga dama yake zuwa. Na duba, na ga hanya fayau, na sa ƙafa. Ban ji komai ba sai ƙarar birki, na tsinci kaina a ƙasa, shinkafa da miya sun watse a kan kwalta. Wata mata ce mai sayar da abinci a kan ƙaramin babur, za ta kai shekara sittin. Gwiwarta tana jini, amma ni ta fara rarrafowa ta duba. Tana ta magana da yarensu tana kuka. Na ce mata ba komai, kurjewa ce kawai, in tafi gida. Ta riƙe hannun rigata ta ƙi saki har sai da aka tsayar da mota aka kai mu asibiti.

Ita ce ta cece ni. Da likitar ta gama wanke mini ciwon tana shirin sallamata, matar nan ta tsaya a gabanta, ta haɗa ɗan Turancin da take da shi da nuni da hannu. Ta ce mutumin nan fuskarsa tana wajena, idanunsa a buɗe, amma ya shigo gabana kamar ba ni a duniya.

Likitar ta ajiye audugar hannunta. Ta jawo kujera ta zauna daf da ni, ta ce in kalli hancinta kada in kawar da ido. Ta miƙa hannayenta gefe da gefe tana motsa yatsu. Na hagu na gani. Ta ce, “Ɗayan fa?” Na ce wane ɗayan? Ta rufe mini idon dama ta sake, ta rufe na hagu ta sake. Duk ɗaya ne. A nan na fara jin tsoro, domin duk kwanakin nan na ɗauka idona na dama ne ya lalace. Ashe kowane ido ya rasa rabinsa na dama.

Aka auna jinina, ma'aikaciyar ta dubi na'urar ta sake aunawa. Aka tura ni cikin injin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Da yamma wani babban likita ya zo da hoton, ya nuna mini wani tabo a bayan kai ta hagu.

Ya ce, “Idanunka lafiyarsu ƙalau. Siturok ka samu.”

Mu a gida sunan ciwon nan shanyewar ɓarin jiki. Na san mutanen da ya kama, na ga bakinsu a karkace, hannu a lanƙwashe. Don haka na ɗaga hannayena biyu sama, na buga ƙafafuna a kan gado, na ce masa ya duba da kyau, ni ba abin da ya shanye. Ya bar ni na gama. Sannan ya yi mini bayani a hankali, cewa ido ɗauko hoto kawai yake yi, a bayan kai ake karanta shi. Jijiyar jinin da ke ciyar da wurin ce ta toshe, ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa kuwa shi ke kula da duk abin da ke dama.

Na tambaye shi, da na zo ranar farko fa?

Ya ce da akwai abin da za su gwada. Ban ƙara tambaya ba.

Kashegari aka kai ni wani ɗaki mai wata na'ura kamar ƙatuwar ƙwarya a jingine. Na ɗora haɓata, aka ba ni maɓalli a hannu, aka ce duk lokacin da na ga ɗigon haske in danna. Na yi ta dannawa, sai kuma a yi dogon shiru ina jira. Na ɗauka injin ne ya tsaya. Da aka fito da takardar, da'ira biyu ce, ɗaya ta kowane ido, kowacce rabinta fari rabinta baƙi ƙirin, an raba tsaf kamar da wuƙa. Ashe duk lokacin da nake jira, hasken yana ta walƙiya a inda ba ni.

Matata Rahila takan kira ni ta bidiyo bayan ta taso daga makarantar da take koyarwa. Na ce mata babur ne ya ɗan goge ni. Ta ƙura mini ido ta cikin wayar.

“Baban Grace, me ya sa kake ta juya kai haka?”

“Netwok ne, hoton ba ya fita sosai.”

“A nan yana fita. Kana shan maganinka?”

Na ce ina sha. Rabin fuskarta nake gani, sai na matsar da wayar hagu kafin in same ta duka. Bayan ta kashe na kifa wayar a ƙirjina. Mutanen cocinmu sun yi mini addu'ar tafiya, mahaifiyata ta gaya wa duk Kagoro ɗanta zai dawo da sunan Dokta. Ban san ta inda zan fara ba.

Kwana na biyar a asibiti Monday ya zo da lemo da wata takarda mai shafi biyu. Ya ce ta inshorar lafiya ce, in ban sa hannu ranar ba za a rufe. Na karɓa na riƙe a gabana. Na kama kalmar farko, ta biyu ta tsere. Na bi ta, na rasa layin. Na yi minti biyu ina kallon takardar ina gyaɗa kai kamar mai karatu. Ni malamin kwaleji, in ce wa Monday ya karanta mini? Ya nuna mini wurin da yatsa, na sa hannu.

Ranar da aka sallame ni na tarar an canza kwaɗon ɗakina. Kayana suna ƙarƙashin bene cikin jaka biyu. Mai gidan ya fito da takardar, ya karanta mini da ƙarfi. Ta ce ni Ishaya na bar ɗakin da son raina, na sallama shi ga wani sabon ɗan haya tare da firji da tebur da katifa. Ga sa hannuna a ƙasa. Na kira Monday, wayarsa a kashe. Ban sake ganinsa ba har na bar ƙasar.

Na zauna a kan jakata, ledar magunguna a cinyata. Ruwan la'asar ya sauko. Ban yi kuka ba, ban yi addu'a ba, ban ma yi fushi ba tukuna. Zama kawai na yi, don ban san inda zan dosa ba, kuma ko na sani ina tsoron titi.

A nan Malam Sabi'u ya same ni. Mutumin Zariya ne, yana digiri na uku a fannin injiniya, ɗakinsa yana saman bene. Shekara ɗaya da rabi muna gida ɗaya, ba abin da ke haɗa mu sai “ina kwana” da “sannu da dawowa”. Ni ne nake ja da baya, shi Musulmi ni Kirista. Duk wanda ya girma a wajenmu ya san dalili, ba sai na faɗa ba.

Ya yi sallama ta damana, na zabura don ban ga zuwansa ba.

“Malam Ishaya, lafiya? Me ya fito da kayanka waje?”

Na gaya masa duka, har da abin da ban gaya wa matata ba. Ya saurara yana riƙe da lemarsa tana ɗiga. Da na gama ya ce, “Subhanallahi.” Ya sunkuya ya ɗauki jakar da ta fi nauyi. “Tashi mu hau. Ka bi bango da hannunka na dama.”

Na ce masa kwana biyu kawai zan yi. Wata bakwai na yi a ɗakinsa. Ya bar mini gado ya koma katifa a ƙasa. Ranar farko ya tuƙa tuwon semo da miyar kuka, ya ajiye mini nama a gefen kwano. Na cinye tuwon na gode masa, ya ce, “Naman fa, ko ba ka ci ne?” Na juya kwanon, sai ga shi. Muka yi dariya, ni dai tawa ba ta kai ciki ba. In lokacin sallarsa ya yi sai in yi shiru, in na durƙusa addu'a sai ya rage ƙarar rediyonsa. Ba mu taɓa zama mun tsara haka ba.

Asibitin suka haɗa ni da wata mata mai koya wa irinmu yadda za mu rayu da abin da ya rage, Misis Lim. Gajeriya ce, ba ta da wasa. Ranar farko ta gaya mini gaskiya: ba za ta iya dawo mini da gani ba, wani yakan samu sauƙi da kansa a watannin farko, wani ba ya samu. Aikinta shi ne ta koya wa idanuna su riƙa leƙa inda ba sa gani.

Ta manna katuna a bango daga wannan kusurwa zuwa waccan, ta ce in nemo lamba bakwai, in nemo hoton kifi. Ta koya mini in jefa idona can ƙarshen dama da ƙarfi, sannan in dawo da shi a hankali ina kwashe abin da ke hanya. Ta fita da ni barandar asibiti tana tafe a bayana, duk taku uku sai ta ce, “Dama.” In na manta na bugi wani, ba ta ba shi haƙuri a madadina, ni take bari in yi.

Karatu shi ya fi ba ni wuya. Ta ba ni rula in sa a ƙarƙashin layi, ta manna jan tef a bakin shafi ta dama, ta ce kada in sauka layi na gaba sai na ga ja. Ta sa na riƙa ɗora yatsa a ƙarshen doguwar kalma kafin in fara ta. Har juya littafin ta sa na yi, in karanta daga sama zuwa ƙasa. Shafin da a da nake gamawa kafin shayi ya huce, yanzu sai in yi rabin awa a kansa, in na kai ƙarshe kuma na manta farkon, kaina yana sarawa. An gwada manna mini wani siririn gilashi a jikin tabarau, mai jawo abin da ke dama ya kawo shi gabana. Wasu yana yi musu amfani. Ni jiri ya riƙa sa ni, mutane suna fitowa bibbiyu, har na yi amai a cikin bas. Bayan mako uku aka cire.

Sai kuma wani abu ya fara wanda na ɓoye wa kowa. A gefen nan da ba na gani, na fara ganin abubuwa. Awaki uku suna wucewa ta cikin ɗakin Sabi'u. Mata da buhunan citta a ka, sun yi layi kamar masu zuwa kasuwa, ba sa magana. In na juya in dube su sai su ɓace. Na ce shi ke nan, ko dai hauka ce ta zo, ko kuwa daga gida aka biyo ni da asiri. Na yi azumi kwana uku, ban san ma bai kamata mai shan irin maganina ya yi haka ba tare da ya tambayi likita ba. Ranar da jiri ya kusa kayar da ni a gabanta, Misis Lim ta tsare ni da tambaya har na faɗa.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce da yawa suna gani, tsoro ke hana su faɗa. In ƙwaƙwalwa ta daina samun hoto daga wani gefe, takan ɗebo daga abin da ta ajiye ta cike gurbin, kuma yakan ragu da kansa. Sannan ta tambaye ni, “Matan me suke ɗauke da shi?” Na ce citta. Na shiga ba ta labarin yadda ake haƙa ta a wajenmu, a tsaga a shanya a kan duwatsu, duk gari ya ɗauki ƙamshi. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Ta miƙo mini takardar share fuska ta hagu, ta jira. Da matan suka daina zuwa bayan wata biyu, sai na ji kewarsu.

Farfesar da ke duba aikina ta ba ni hutu. Da na ga kamar na iya leƙa dama, na roƙe ta in koma ɗakin gwaji. Ina da faranti-faranti na ƙwayar cutar da na raino wata takwas, daga samfurin da na sha wahalar samun izinin shigo da shi. Kwana na huɗu da komawa, na juya zan ɗauki alƙalami, gwiwar hannuna ta dama ta share tiren da farantan suke kai gaba ɗaya. Ƙarar fashewar kawai na ji. Ɗaliban da ke wurin suka juyo. Na durƙusa ina tattara gilasan da hannu, wani ya riƙe ni ya ce in bari, akwai cuta a jiki.

An sake sa ni a na'urar ƙwaryar nan bayan wata uku, baƙin ya ɗan ja baya kaɗan ta sama. Na riƙe wannan ɗan kaɗan ɗin kamar raina. A wata na shida aka sake, takardar ta fito daidai da ta baya. Likitan ya jera su a tebur ya ce, daga nan ba a cika samun wani canji ba. Ya ce in riƙe maganin hawan jini da na hana jini daskarewa har iyakar raina, don kada wani ya sake zuwa. Ya ce ba tuƙin mota, ba babur. Na ce ko a ƙauye, inda ba motoci? Ya ce a ƙauye ba yara?

Farfesa ta kira ni ofishinta. Ta yi magana mai daɗi, ta ce a dakatar da karatun, ƙofa a buɗe take in na samu sauƙi. Amma takardar zama a ƙasar ta ɗalibi ce, wanda ba ya karatu ba ya zama.

Da na dawo ɗaki, Sabi'u ya ɗauki wayata ya ajiye a gabana.

“Malam Ishaya, yau za ka gaya wa Maman Grace.”

“Bari in isa gida tukuna.”

“A'a. Wata bakwai ina jin kana cewa netwok. Matar nan ba yarinya ba ce. In ta gan ka a filin jirgi kana karo da mutane, me za ka ce mata? Ni zan fita, in na dawo ka gama.”

Na kira ta. Na faɗa mata tun daga ɗakin karatu har zuwa tiren da na fasa. Ba ta katse ni ba. Ina jin kukan kaji a bayan gidanmu ta cikin wayar.

“Wata bakwai, Ishaya.” Rabon da ta kira sunana tun kafin a haifi Grace. “Ina nan ina gaya wa zumuntar matan coci kana lafiya. Da ka mutu a can fa? Wa zai gaya mini?”

Na ce ta yafe mini.

“Zan yafe, amma ba yau ba. Ka dawo gida kawai.”

Sabi'u ya raka ni har inda ake hana masu rakiya wucewa, yana tafe a damana, kafaɗarsa tana tare mini mutane.  Ya ce, “Ka gaida Kafanchan. Ka riƙa duba dama.” Na shige. Da na waiwaya ban same shi ba, ban sani ba ko ya tafi ne, ko yana tsaye a inda ba na gani.

Na ɗauka in na iso gida wahalar ta ƙare. A Maleshiya ba wanda ya san ni, in na wuce mutum ba komai. A Kafanchan kuwa kowa nawa ne. Tun daga tasha ake kirana Dokta, ina cewa ba a gama ba tukuna. Lahadin farko bayan an tashi sujada a coci, Baba Danladi, dattijon ikilisiyarmu wanda ya riƙe ni kamar ɗa tun rasuwar mahaifina, ya miƙo mini hannu ta dama. Na wuce shi. Mutane suna kallo, hannunsa a miƙe. Kafin Laraba magana ta zaga cewa Ishaya ya je ƙasar waje ya dawo da girman kai. Da Rahila ta ji, ta kai ni gidansa na yi bayani. Ya dubi idanuna ya ce, “To, Allah ya sawwaƙe.” Amma na ga bai gamsu ba, don idanun nawa fes suke, suna kallonsa.

Na je wurin likitan ido a Jos, ya sake gwaji ya ce abin da aka gaya mini daidai ne. Na tambayi inda zan samu mai irin aikin Misis Lim kusa da mu, ya ce zai bincika. Rahila ce ta yanka kwalin indomi ta rubuta lambobi ta manna a bangon falo. Babur ɗina yana jingine a baranda, na rufe shi da buhu. Kwaleji sun rage mini azuzuwa. A kasuwa, tsakanin 'yan acaɓa da masu baro, sai na riƙe gefen zanen matata.

Sai da na yi mako uku kafin na iya zuwa Kagoro wurin mahaifiyata. Ta haura tamanin. Muka same ta a tsakar gida tana tsince acca a faifai. Da yake Rahila ba 'yar yarenmu ba ce, Mama takan yi Hausa in tana wurin, irin tata Hausar. An riga an gaya mata, amma ta ce sai ta gani da kanta. Ta sa na durƙusa a gabanta, ta buɗe mini ido da yatsunta masu kaushi, ta leƙa wannan ta leƙa wancan.

“Ido na ka yana nan da kyau. Wane ne ya ce ya mutu?”

Na ce, “Mama, ba idon ba ne, a cikin kai ne.”

“Kana gani na?”

“Ina ganin rabinki.”

Ta yi tsaki, ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ja ni zuwa bayan gida inda dutsen garinmu yake tsaye a kan gonaki, dutsen da na buɗe ido na gani tun ina jariri.

“Wancan fa?”

Na duba. Ya taso daga hagu kamar kullum, ya hau sama, sai ya yanke a tsakiya.

Na ce, “Rabi ne, Mama.”

Sai ta kama haɓata da hannunta, ta juya mini kai a hankali zuwa dama, yadda take yi in za ta wanke mini fuska ina yaro. Sauran dutsen ya shigo, da itatuwansa da hayaƙin wani mai ƙona gona a gindinsa.

“To, ga shi. Ba inda ya je.”

Na ce na gani. Ta sake ni, kaina ya dawo daidai, rabin ya tafi.

Ta tambaye ni yaushe likitocin suka ce zai dawo. Na dubi Rahila, Rahila ta dubi ƙasa. Na ce sun ce ba su sani ba. Mama ta daɗe tana kallona, na san ta gane.  Ta sake ɗaga hannu ta kama haɓata ta juya, ta riƙe ni a haka, ta ƙi saki.